Lilo a Jikin Tsamiyar Kakata

Sabuwar unguwar da ke gefen hanyar Bafarawa a kan idona aka yi ta. Ina aji uku a firamare babu komai a wurin sai gonakin gero da wake, da wata babbar tsamiya a tsakiya. Ina aji huɗu aka zo da igiya da fenti aka yanka filaye, aka kafa gajerun turakun siminti a kowace kusurwa. Daga nan masu buga bulo suka kafa rumfa. Kafin in gama aji shida, mutanen Tozai da Kurawa da wasu ƙauyuka, waɗanda kwana a gida ya gagare su saboda halin da daji ya shiga, sun cika rabin wurin. Sauran rabin kuma ma'aikata ne da 'yan kasuwa na cikin garin Isa.

Cikin waɗanda suka koma can har da kawuna, ƙanen mahaifiyata, da matarsa da ɗiyarsa. Ni da ɗiyar tasa damina ɗaya aka haife mu. Tun da aka yaye ni aka ba kakarmu ni, a ɗakinta nake kwana a tsohon gidanmu na cikin gari, kuma a gidan nan kawu yake zaune kafin ya yi gini. Saboda haka tabarma ɗaya muka tashi a kai, kwano ɗaya muke ci. Ita ɗiyar namiji, ni ɗiyar mace, wato taubasai ne mu, kuma ta riƙe wasan nan da hannu biyu. Ba ta taɓa kirana da sunana ba. Baiwata take ce mini, ko kurma, don ba ni da yawan magana. Ni ban iya ramawa da baki ba, sai in ɓoye mata takalmi ɗaya in zauna ina kallonta tana nema. Ba ni da wata ƙawa bayan ita, ban kuma taɓa jin ina bukatar wata ba.

Ranar da suka tashi tana zaune a kan katifa a bayan motar kaya, tana ɗaga mini hannu.

"Baiwata, ki riƙa share mani ɗaki, ko da na dawo kwana!"

Na yi dariya. Da na koma ciki na tarar da ƙusar da take rataye jakarta, da wurin da madubinta ya bari a bango, fari fes, sauran bangon duk ya yi duhun hayaƙi.

Ran Alhamis ba mu zuwa Islamiyya, don haka kowace Alhamis bayan an taso daga boko nakan tafi gidan kawu. Ban taɓa zuwa na tarar da unguwar yadda na bar ta ba. Layukansu a miƙe suke, kana wannan kai kana hango wancan, mu kuwa a lungunmu jaki biyu ba su wuce juna sai ɗaya ya ja baya. An haƙa musu rijiyar burtsatse mai aiki da sola, aka ɗora tanki a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, famfo shida a jere a ƙasa. Na ƙirga su, na kuma lura na huɗun yana ɗiga, abin ya ɗan yi mini daɗi. Mu har yanzu guga muke ja, tafin hannuna duk kanta. An kafa musu fitilun sola a kan layi. Samari sun share fili sun dasa ƙarafan ragar ƙwallo, wani ya buɗe gidan kallo da rufin kwano, mai shayi ya ajiye benci a gefensa. Kowane sabon abu taubashiyata sai ta ja ni ta nuna mini, kamar ita ta saye shi.

"Kin ga wanga? Ku can cikin gari sai jikokinku."

Wasa take yi, na sani. Irin maganar da ta saba ce. Amma a da idan ta tsokane ni kan abin da muke da shi tare ne. Yanzu kuwa abin da take faɗa gaskiya ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne filin wasan yara. Ƙungiyar unguwar ce ta kewaye wani fili da waya, ta sa ƙofa. Mai walda ya ƙera lilo biyu na ƙarfe, da wani tsani da ake hawa a zamo ta kan faffaɗan ƙarfe, da dogon katako da mutum biyu ke zama kai da kai, wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa. Aka binne tsofaffin tayoyi rabi a ƙasa, aka shafa musu fenti ja da shuɗi da ruwan ƙwai. Aka ajiye mai gadi, wani dattijo mutumin Tozai, wanda ke yini a bakin ƙofa yana tufkar igiya. Bai san sunan yara ba, sunan iyayensu ya sani. Ni idan na zo sai ya ce, "Baƙuwar gidan wane, shiga." Kalmar baƙuwar nan ba ta taɓa wucewa ba ta sosa ni ba.

Tsamiyar nan ta faɗo cikin wayar, kuma a jikinta aka rataye lilo na uku da sarƙa. Shi ne lilon da kowa ke so. Na ƙarfen a rana suke, kuma gajeru ne, na ƙananan yara. Na tsamiya kuwa a inuwa yake, sarƙarsa doguwa, idan aka tura mutum sosai yana hango rufin gidaje har zuwa tankin ruwa. 'Yan mata suka mallake shi, maza suka bar musu.

Tsamiyar ta kakata ce. A wajenmu gona daban, icce daban. Mutum yana iya sayar da gonarsa ya riƙe iccen da ke ciki, ko ya ba wani shi kyauta, kuma duk wanda ya sayi gonar ya san da haka. Mahaifin kaka ne ya ba ta tsamiyar tun tana budurwa. Gonar ta sauya hannu sau uku, tsamiyar tana nan da sunanta. Kowace shekara idan ta nuna muna zuwa a kaɗo ta, mu ɓare, mu dunƙule, ita muke kunu da ita har bayan azumi, a kuma aika wa dangi. Sau da yawa idan muna ɓara, kaka takan ce mini, "Ke za ni bar ma ita, ke ce mai kula." Idanunta sun yi yana. Ni ke zura mata zare a allura, ni ke faɗa mata wanda ya shigo gida kafin ya yi sallama, da kalar zanen da ya ɗauro. Abin da na ce na gani, ba ta sake tambayar kowa.

A filin wasan kuwa ni ba kowa ba ce. 'Yan matan bibbiyu suke hawa, ɗaya ta tura ɗaya, a ƙirga ashirin, su sauya. Taubashiyata ta yi sabuwar ƙawa, wata doguwa mai wushirya da iyayenta suka taso daga Kurawa. Ta iya Fulatanci, tana koya mata ƙirga da shi, su yi ta dariya idan ta karkace baki. Ita ke tura ta. Har sun sayi ɗan kunne iri ɗaya. Ni aikina riƙon takalma da hijabai. Ina zaune a kan shuɗiyar taya, kayan mutane a cinyata, ina kallon tafin ƙafar taubashiyata yana tafiya sama yana dawowa.

Ba za ni ce ba ta kira ni ba. Ta kira ni, har sau biyu.

"Ke kurma, taho ki tura uwargijiyarki!"

Duk 'yan matan suka juyo suna dubana, mai wushirya tana murmushi. Na girgiza kai. Ta ɗaga kafaɗa ta koma wasanta. A hanyar gida na yi ta jin haushinta don ba ta kira ni na uku ba.

Da sanyi ya shigo tsamiyar ta yi 'ya'ya, kore shar, ba su kai ga nuna ba. Yara suna son ɗanyarta da gishiri. Wata Alhamis na ga wata yarinya ta miƙe tsaye a kan lilon ta kamo reshe za ta tsinka. Taubashiyata ta janyo ta ƙasa da zanenta.

"Ta kakarmu ta! Wadda duk ta taɓa, ba ta ƙara hawa."

Kowa ya ji maganarta. Ita ke faɗin wanda zai hau da wanda zai jira, kuma yanzu har tsamiyar da aka ce tawa ce, ita ke tsaron ta. A ranar ne na ɗaga kai na duba inda sarƙar ta naɗe reshen. Ta ƙuje ɓawon, faɗin yatsa biyu, farin icce ya fito, ɗan ƙaro ya taru a gefe.

Da na koma gida kaka tana tsinkar zogale. Ta tambaye ni mutanen gidan kawu, na ce suna lafiya. Na zauna ina taya ta. Can na ce, kamar abin ya faɗo mini ne kawai, "Sarƙar nan ta kusa cinye reshen tsamiya."

Hannunta ya tsaya.

"Wace sarƙa?"

Ta san an kewaye wurin, amma ba wanda ya faɗa mata an rataye abu a jikin iccen. Na ce sarƙar ta shiga har rabin reshen. Na ce yara suna ta tsinke ɗanyun 'ya'yan, ƙasa duk ɓawo.

"Ita ɗiyar kawunki tana ina anka yi haka?"

"Ita ce ma ta fi kowa hawa."

Wannan kam gaskiya ne, shi ya sa ya fito mini da sauƙi. Sauran abin da na gani na haɗiye shi.

Alhamis ta gaba, bayan la'asar, kaka ta yafa mayafinta ta ɗauki sandarta. An ce a kira mata kabu-kabu ta ƙi. Ta dafa kafaɗata muka taka har can, tana tsayawa tana hutawa a inuwar katangu. Ina jin nauyin hannunta, ina kuma jin wani abu kamar daɗi kamar tsoro. Da muka isa mai gadi ya ajiye igiyarsa ya miƙe tsaye. Taubashiyata ce a kan lilon. Tana hango kaka ta diro ta taho da gudu.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe! Kin zo hawa? Bari in tura ki."

Kaka ba ta amsa wasan ba. Ta ce a kira mata wanda ke da iko da wurin. Aka kira shugaban ƙungiyar, wani ma'aikacin lafiya da bai daɗe a garin ba, ya fito da hula a hannu. Ya gaishe ta da ladabi, ya saurare ta, sannan ya ce, "Inna, filin nan na ƙungiya ne, muna da takardarsa."

"Ɗauko ta ka karanta mani wurin da anka rubuta tsamiya."

"Ai duk abin da ke cikin fili..."

"Ɗana, mutum uku sunka noma wurin ga kafin a haife ka. Ba wanda ya taɓa karya mani reshe bai aiko ba. Ƙasa taku ta, ku haƙe ta in kun so. Icce nawa na."

Mai gadi ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, gaskiyar tsohuwa ta. Ni nan na baro gonata a Tozai, wani ka noma ta, amma kukar da ke ciki ko ganye ɗaya ba ya tsinka sai ya aiko."

Mutane suka fara taruwa. Limamin unguwar, wanda gidansu tun kakanni masu karantarwa ne a cikin gari, ya zo wucewa aka tsayar da shi. Ya ce ya san maganar, mahaifinsa yana cikin shaidun kyautar. Shugaban ya ce to a yi haƙuri, za su gyara ɗaurin. Kaka ta ce ba gyara ta zo nema ba, a sauke. Ta ɗaga kai tana duban reshen, na san ba abin da take gani sai duhun ganye. Da wani ya ce mata ai ƙujewar kaɗan ce, sai ta matse kafaɗata ta ce, "An faɗa mani, kuma wadda ta faɗa mani ba ta ƙarya."

Ban ɗaga kai ba. Ƙafafun taubashiyata kawai nake gani, ba takalmi, yatsunta sun nutse cikin rairayi.

Mai walda ya zo da tsani ya kwance sarƙar. Ta zubo ƙasa gaba ɗaya, da ƙara. Wata ƙaramar yarinya ta fashe da kuka. Washegari kawu ya zo ya roƙi kaka, ta ce ta riga ta yi magana gaban maza, ba ta mayar da ita.

Na yi zaton taubashiyata za ta zage ni, ko mu yi kokawa, na ma shirya abin da za ni ce. Da na je Alhamis ta gaba sai ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma a falo. Ta ɗauko kofin gilashi daga cikin kabad, wanda ba a fitarwa sai don manyan baƙi, ta kawo mini ruwa a faranti, ta durƙusa.

"Sannu da zuwa. Ina gajiya? Ina wajen su Kaka?"

Sannan ta kira sunana, na gaskiya, cikakke. Ta tashi ta shige ɗaki ta bar ni da kofin a hannu. Matar kawu ta leƙo ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin, ta koma wajen tukunyarta. Na sha ruwan don ban san abin da za ni yi da shi ba.

Haka ta yi mini Alhamis uku. A ta huɗu ban je ba. A makaranta idan mun haɗu takan gaishe ni kamar yadda ake gai da ɗiyar malami. Sau ɗaya na ratsa ta bayan wayar filin wasan, na tarar ba kowa sai ƙananan yara biyu suna taɓa lilon ƙarfe suna janye hannu don zafi. Ƙarƙashin tsamiya, inda ƙafafu suka haƙa rami, ganye ya cika shi. Abin da na so ke nan, na samu, amma barci ba ya yi mini daɗi. Kuma ko a lokacin ban daina tunanin tana can ɗaki ita da mai wushirya suna dariyata ba.

Da tsamiyar ta nuna muka tafi kaɗo ta, ni da kaka da wani Bafulatani maƙwabcinmu wanda shi ke hawa mata kowace shekara a ba shi rabonsa. Ya hau da gora ya fara bugu. Tsamiya ta yi ta zubowa, buhun da muka zo da shi ya cika, aka aro wani a gidan liman. Kaka tana zaune tana laluba tarin da hannu.

"Bana kam ta yi albarka," in ji ta. "Ashe sun rage muna."

"Rage kuma?" in ji mai gadi. "Inna, wa ya isa ya taɓa? Waya ta hana awaki, jikarki kuma ta hana yara. Wagga ta unguwar nan. Har ni ta taɓa hararata don na ɗauki wadda iska ta kayar."

Kaka ta ɗaga murya ta tambayi na sama, ya duba mata reshen da aka ɗaura sarƙa.

"Lafiya lau yake, Inna. Ɗan ƙuje ne, har ya fara rufewa."

Ina tsugune ina tsinta. Na ci gaba da tsinta har inda babu sauran ko ɗaya.

A hanyar gida ba ta dafa ni ba, sandarta kawai ta dogara. Sai da muka shiga lungunmu ta ce, ba ta ko juyo ba, "Da idonki kika ga rabin reshe?"

Na ce a'a.

"Kin ga ta hana su tsinka?"

Na ce i.

Ba ta doke ni ba, ba ta faɗa wa mahaifiyata ba. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ta aika aka kira kawu da ɗiyarsa, da mahaifiyata, da liman. Aka zauna a zaure. Ta ce ta tsufa, tana so ta fitar da tsamiyarta daga hannunta tun tana da rai, kamar yadda mahaifinta ya yi mata. Ta ce ta ba ɗiyar ɗanta, halak malak, su shaida.

"Ni na ce a sauke lilo, kuma ba ni tashin maganata," in ji ta. "Amma yanzu icce ba nawa ba ne. Mai shi ta yi yadda ta so."

Liman ya yi murmushi ya yi addu'a. Mahaifiyata ta dube ni, don ta san wa aka yi wa alkawari, ni kuwa ina kallon wata tururuwa tana jan ƙwayar gero a gefen tabarma. Ba ni da bakin cewa an zalunce ni, amma abin da nake ji ke nan. Gidan bulo nata, famfo nata, ƙawa tata, yanzu har tsamiyar.

Kafin mako ya zagayo an mayar da lilon. Wannan karon mai gadi ne ya tufka igiya mai kauri, aka yanka tsohuwar taya aka shimfiɗa a kan reshen kafin a ɗaura. A makaranta na ji labari. Kaka ba ta ce in je ba, ba ta ce kada in je ba. Ni kaɗai na ɗauki hijabina ran Alhamis na tafi, na tsaya a bayan waya. Taubashiyata ta gan ni. Ta daɗe kafin ta fito, ta tsaya nesa da ni kaɗan, ta harɗe hannu.

Na ce, "Ni na faɗa wa Kaka. Na ƙara a kan abin da na gani."

"Na sani. Mi na yi maki?"

"Ba komi."

"Ba komi? Haka kawai?"

"Kin tashi kin bar ni."

"Ni na gina gidan? Ni na tuƙa motar? Kin san wata biyu ba wadda ta yi mani magana a unguwar ga? Sunka ce ni na kawo kakata ta kashe masu wasa. A famfo in na aje bokiti sai a ture shi."

"Har ƙawarki?"

"Ita ta fara."

Ban san da wannan ba. Duk kwanakin da nake kwance ina ƙirƙiro dariyarsu, ita kaɗai take zaune a ɗaki. Na ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙurina ba ya wanke ta, har yanzu suna cewa dabara ta yi don a ba ta iccen. In ina so, in shiga in faɗa musu da bakina.

Na shiga. Mai gadi ya buɗe baki zai yi maganarsa, ya ga fuskata ya fasa. 'Yan mata kusan goma ne a ƙarƙashin tsamiyar. Taubashiyata ta riƙe igiyar ta tsayar da lilon, ta ce, "Ku saurara, tana da magana." Na dubi ƙasa na faɗi abin da na yi.

"Mi ta ce?" in ji mai wushirya. "Ni ban ji ba."

"Ɗaga murya," in ji wata. "Ko sai an kawo maki lasifikar masallaci?"

Na sake faɗa, da ƙarfi, har na ji muryata ta zama kamar ta wata. Na ce ni na je na ƙara magana, na ce ita ba ta san komai ba, ita ce ma ta tsare tsamiyar. Wata ta yi tsaki. Wata ta ce, "Ashe shiru-shirun nan na mugunta ne." Aka yi dariya. Mai wushirya ba ta yi dariya ba, ta dubi taubashiyata, ta sunkuyar da kai tana gyara ɗan kunnenta. Sai wadda ke kan lilon ta ce a saki igiya, ƙirgarta ba ta cika ba. Aka saki, wasa ya ci gaba. Abin da na daɗe ina jin tsoro bai ɗauke su minti biyu ba.

Na juya za ni tafi, taubashiyata ta sa takalminta ta biyo ni. Muka bi dogon layin nan, muka wuce famfuna, muka wuce filin ƙwallo inda samari ke ta ihu. Ta rako ni har kwalbatin da ya raba unguwarsu da tsohon gari, nan ta tsaya.

"Ban ce na huce ba," in ji ta.

"To."

"Alhamis ki zo da wuri. Kuma kada ki zo mani da fuskar ga kamar an aike ki gidan mutuwa."

Na ce to. Ta juya, tana tafe tana shurin wani gwangwani. Na tsaya ina kallon bayanta har ta sha kwana. Na ji sanyi a raina, ba za ni ɓoye ba. Amma kafin in kai gida na kama kaina ina lissafa abin da take da shi, na kuma tarar an samu ƙari guda: yanzu ita ke da gaskiya a kaina, kowa ya shaida, kuma ita za ta zaɓi ranar da za ta yafe. Wannan ya fi tsamiyar ci mini rai.